Yadda Ake Fitar da Littafin Almara Daga Cikin Duniyar Gem

Littafin farko da na taɓa rubutawa, daga gem, wato wasan bidiyo, na kwaso shi. Ina aji biyar na sakandare lokacin, akwai wani shago a Mabera mai talabijin uku da PlayStation 2, can muke zubar da kuɗin da aka ba mu na kabu-kabu, mu dawo gida a ƙasa cikin rana. Akwai wani gem na yaƙi da dodanni da na haddace tun daga farkonsa har ƙarshe. Sai na sayi littafin rubutu mai falle 80, na cika shi da duk abin da jarumin ya yi: ya shiga nan, ya sare wancan, ya buɗe akwati, ya sami sabon takobi. Da na gama, na zaunar da Inna a tsakar gida bayan isha'i na fara karanta mata. Ta saurara har wajen shafi na goma, tana ɓarar gyaɗa, sannan ta ɗago ta ce, "To shi wanga yaro, mi shika biɗa? Tun ɗazu sai kisa shikai. Ba shi da uwa?"

Ban da amsa. A gem ba na buƙatar amsar, domin madannin yana hannuna, ni ke gudu, ni ke sara, gabana ke faɗuwa idan jini ya kusa ƙarewa. Mai karatu kuwa hannunsa babu komai sai takarda ko waya. Duk matakan da ke tafe na yadda za ka biya shi wannan madannin da ka karɓe ne.

Mataki na farko: san ƙofar da za ka shiga

Kafin ka ɗiga alƙalami, ka tsai da shawara a kan irin littafin, domin iri uku ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai wanda kamfanin gem da kansa yake ɗaukar marubuci ya yi masa. Haka Blizzard suka yi da duniyar Warcraft, inda Richard A. Knaak ya fitar da littafinsa a 2001, haka kuma Bethesda suka ba Greg Keyes ya rubuta littattafai biyu a duniyar Elder Scrolls, a 2009 da 2011. Wannan ƙofa da yarjejeniya ake shigarta, kuma kusan kullum su ke neman marubucin. Kada ka ɓata dare kana jiran ta.

Akwai rubutun masoya: ka ɗauki duniyar gem da sunayenta yadda suke, ka ƙaga labarinka a ciki, ka saki kyauta. Kamfanoni da dama suna kau da kai ga wannan, wasu ma sun wallafa sharuɗɗansu a shafukansu, kuma sharaɗin da ya fi yawa shi ne kada ka sayar. Ka nemi na gem ɗinka ka karanta.

Na uku shi ne wanda nake ba kowa shawara: ka koyi yadda aka gina duniyar gem ɗin, ka dawo ka gina taka, da sunayenka da ƙasarka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare yadda aka zuba aiki ne, ba ta hana kowa tunani iri ɗaya. Babu wanda ya mallaki labarin maraya da ya fita neman takobi. Amma sunan jarumi, da sunan birninsa, da zanen fuskarsa, da jerin abin da ya faru, waɗannan suna da masu su. Najeriya kuma tana cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, don haka kasancewar kamfanin a Japan ko Amurka bai sa kayansa sun zama na tsintuwa ba. Mai cewa "wa zai gan ni a Sakkwato" ya manta cewa intanet ba ta da katanga.

In kana so ka ga yadda ake ɗaukar wannan magana da nauyi, dubi Andrzej Sapkowski na ƙasar Folan. Shi nasa littattafai ne suka riga gem: ya fara labaran The Witcher a 1986, kamfanin CD Projekt ya fitar da gem na farko a 2007. Ya karɓi kuɗinsa dunƙule tun farko maimakon kaso daga riba. Da gem ya yi kasuwa, a 2018 ya nemi a ƙara masa zuloti miliyan 60, kuɗin ƙasarsu, sai a ƙarshen 2019 suka sasanta da sabuwar yarjejeniya. Wannan tsakanin mai kaya da wanda ya saya ke nan, balle kai da ba ka sayi komai ba.

Mataki na biyu: sake buga gem ɗin, amma da littafi a gefe

Wannan karon ba cin wasa ka zo ba, leƙen asiri ka zo. Ka rage gudu. Ka tsaya a kasuwar cikin gem ka duba abin da ake sayarwa. Ka karanta takardun da aka warwatsa a ɗakuna, waɗanda da kake tsallakewa. Ka saurari 'yan gefen hanya da ba su da hannu a yaƙi.

Raba littafinka gida huɗu. Gida na farko taswira ce: ina ruwa, ina dutse, ina iyaka, wace hanya ce mai haɗari kuma me ya sa. Na biyu mulki: wa ke da iko, wa ke biyan haraji, wa aka zalunta. Na uku ƙa'idar abin mamaki, wato sihiri ko baiwa ko ma mene ne sunansa: wa ke iya yi, a ina ake koyo, me yake ci wa mai yin sa. Na huɗu rayuwar yau da kullum: abinci, sutura, aure, jana'iza. Za ka tarar gida na huɗu ne ya fi zama fayau, saboda gem bai damu da abin da jarumi ya karya kumallo da shi ba. Wannan gurbin naka ne.

In ba ka da na'urar, ko gem ɗin ya fi ƙarfin wayarka, akwai masu ɗora cikakken wasa a YouTube. Sauke shi da dare lokacin da data ta fi sauƙi, ka kalla kana tsayarwa.

Mataki na uku: zaɓi wurin da labarinka zai tsaya

Kuskuren da na yi shi ne bin sawun jarumin gem taku bayan taku. Wanda ya buga wasan ya riga ya san ƙarshe, wanda bai buga ba kuma zai gaji. Marubutan da kamfanoni suka ɗauka sun san haka. David Gaider, wanda a lokacin shi ne babban marubucin gem ɗin Dragon Age, da zai yi littafi a 2009 sai ya koma shekarun baya kafin gem ɗin ya fara. Greg Keyes shi kuma ya tsallaka kimanin shekara 40 gaba da inda Oblivion, ɗaya daga cikin gem ɗin Elder Scrolls, ya tsaya. Wato ko ka je gaba, ko ka koma baya, ko ka raɓa gefe.

Gefen nan ya fi min daɗi. A kowane gem akwai maƙerin da jarumi ke tsayawa wurinsa ya sayi makami ya wuce. Wane ne shi? Me yake ji in ya ga takobin da ya ƙera ya dawo da jinin ɗan garinsu? Akwai mai gadin ƙofa da jarumi ya buge don ya wuce. Washegari wa ya ciyar da iyalinsa?

Da ka sami mutuminka, rubuta amsar tambayar Inna a layi ɗaya ka manna a bangon ɗakinka. Nawa ga shi: Bube, ɗan marini, yana neman ƙanwarsa da ta ɓace a bakin gulbi ranar da aka rufe ƙofa ta takwas. In ba ka iya rubuta wannan layi ba, kada ka fara babi na ɗaya.

Mataki na huɗu: narkar da dokokin gem su zama rayuwa

A nan aikin yake, don haka zan daɗe.

Fara da mutuwa. A gem in an kashe ka, ka dawo inda ka ajiye wasa ka sake gwadawa, sau ashirin in ka ga dama. A littafi rai ɗaya ne. Amma kada wannan ya sa jaruminka ya zama mai cin nasara kullum, domin faɗuwar nan da sake tashi ita ce rabin daɗin gem. Sai ka musanya mutuwa da asara. Karo na farko da Bube ya tunkari masu tsaron ƙofa, ba a kashe shi ba, an kama shi, an ƙwace jakinsa, ya kwana uku a ɗaure cikin rana. Karo na biyu ya wuce, amma abokinsa bai wuce ba. Kowace faɗuwa ta bar tabon da za a gani har ƙarshen littafi.

Sai layin jinin nan da ke saman allo. A gem ka sha wani ruwa ja, jini ya cika, ka ci gaba. A littafi rauni yana da kwanaki. Wanda ya karye sai an kai shi wurin mai ɗori, a ɗaure da karare, ya yi makonni bai ɗauki takobi ba. Wanda kibiya mai dafi ta sama, sai an tsaga an tsotse, ya yi zazzaɓi, ya yi sambatu. Makonnin jinyar nan ba ɓata lokaci ba ne. A nan jarumi ke zama da mutane, a nan ake hira, a nan soyayya ko gaba ke tsiro. Mafi kyawun babin da na rubuta, Bube na kwance ne a zauren wata tsohuwa mai sayar da fura, ba ya iya ko miƙewa.

Sai jakar kaya. Jarumin gem yana yawo da takubba tara, da sulke uku, da tulin abinci, yana kuma tsalle kamar biri. Kai ka lissafa abin da mutum ɗaya zai iya ɗauka: takobi a rataye, kwari da baka, salkar ruwa, gafaka, ɗan ƙunshin dawo da kilishi. Abin da ya wuce haka sai jaki da mangala, jaki kuma yana cin abinci, yana gardama, yana kuka a lokacin da ake son shiru. Da ka taƙaita kaya, sai zaɓi ya bayyana: ya ɗauki ruwa ko ya ɗauki garkuwa? Mu da muka san zafin Afrilu a garin nan, lokacin da ma'auni ke haura 40, mun san wanda zai zaɓa.

Sai tafiyar ƙiftawar ido, inda ake danna taswira a tsinci kai a wani gari. Cire ta gaba ɗaya, ko ka sa mata tsada mai zafi. Ka auna nisan garuruwanka da kwanaki, ka rubuta a gefen taswira, kada ka saɓa. In daga birni zuwa gulbi kwana biyu ne a babi na uku, kada ya zama yini ɗaya a babi na ashirin don kana sauri. Masu karatu suna riƙe irin wannan fiye da yadda kake zato. Ka ari tsarin fatake: ayari, madugu, jagaba, zango, kuɗin fito a mashigi.

Sai ƙarin matsayi. A gem ka kashe dodanni ɗari, lamba ta hau, ƙarfi ya ƙaru. A littafi ƙwarewa daga hannun wani ake karɓarta. A sami malami ko maigida, mai halinsa, mai sharaɗinsa, wanda zai iya ƙin koyarwa. Yaron maƙera yana shekaru yana zuga kafin a bar shi ya riƙe masaba.

Sai aiken da 'yan gefen hanya ke yi wa jarumi: je ka samo min ganye goma, je ka kashe min kuraye biyar. A gem lada kake bi. A littafi dole aiken ya taɓa layin nan da ka manna a bango, in bai taɓa ba ka yar da shi. Ni aike goma sha ɗaya na tsara da farko, uku suka tsira.

Sai bos, babban abokin gaba. Gem yana iya wadatuwa da girman jikinsa da ƙahonsa. Kai ka ba shi hujja. Sarkin da ya rufe ƙofa ta takwas a labarina ya rufe ta ne don annoba ta nan ta shigo ta kashe 'ya'yansa. Bube na da gaskiya, shi ma yana da tasa.

Na bar sihiri a ƙarshe don shi ne ya fi lalata littattafan irin wannan. In jarumi zai iya komai da ɗaga hannu, labari ya mutu. Ka ba abin mamakinka ƙa'ida uku: abin da yake yi, abin da ba ya yi, da abin da yake ci. Bube ya gaji wani tandun kwalli. In ya sa, yana ganin hanyoyin aljanu da dare. Ba ya ba shi ƙarfi, ba ya kare shi daga sara. Kuma duk sawa ɗaya, ganinsa na rana yana raguwa. Kwallin kuma ƙididdigagge ne, sawa bakwai ya rage a tandun. Ka ga yanzu mai karatu yana ƙirga tare da ni, kamar yadda ɗan gem ke kallon layin jini.

Ga bambancin a aikace. Yadda na rubuta a littafin sakandare: "Sai ya shiga kogon ya ga dodanni uku. Ya sare na farko, ya sare na biyu, na uku ya ji masa ciwo, sai ya sha magani ya warke ya kashe shi." Yadda zan rubuta yau: "Bube ya tsaya a bakin kogon yana juya tandun a tafin hannunsa. Jiya da hantsi ya kasa bambance fuskar mai fura da ta 'yarta sai da ta yi magana. Ya ji motsi a ciki, kamar ana jan buzu a kan tsakuwa. Ya cire murfin, ya mayar. Ya sake cirewa." Ba a sare kowa ba tukuna, amma an fi jin tsoro.

Mataki na biyar: gina ƙasar da kayan gida

Duniyoyin gem da yawa daga tarihin Turai ko Japan aka ɗebo su, shi ya sa suke cike da ƙanƙara da gidajen sarauta na dutse. Masu Kiro'o Games na Kamaru da suka fitar da gem ɗin Aurion a 2016 daga al'adun Afirka suka ɗebo nasu, kuma ya tsaya da ƙafarsa. Kai da kake zaune a Sakkwato, kayan gini sun yi maka yawa.

Ware rana ɗaya ka je gidan tarihi na Waziri Junaidu, ka tsaya gaban makamai da kayan da ke ciki, ka zana su a littafinka ko da zanenka bai da kyau. Ka bambance sulke da lifidi, ka san kwalkwali, ka san yadda ake rataya takobi a kafaɗa. Ka karanta labarin Surame, birnin da Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16 da ganuwar dutse, da na Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Ka bi sunayen ƙofofin garin nan da aka kafa a 1809, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Taramniya da sauransu, ka ji yadda suna ke ɗauke da labari. Ka je wurin marina ka shaƙi warin baba, ka je wurin majema ka ga yadda ake jeme fatar jar akuya. Ka zauna bakin gulbin Rima da yamma ka kalli masunta da gorarsu.

Sarautu ma ga su nan: Waziri, Magajin Gari, Magajin Rafi, Galadima, Ubandoma, Marafa, Sarkin Yaƙi, Sarkin Ruwa, ga Inna ta Gobir. Ba ka da dalilin kiran wani "kwamandan dakarun masarauta".

Sai dai ka ari siffa, kada ka ari mutane. Kada ka kuskura ka sa Shehu Usmanu ko Muhammadu Bello ko Nana Asma'u cikin labarin dodanni, ko ka mai da Hubbare fagen faɗa. Ƙaga birninka, ba shi suna, ba shi sarakunansa. Haka ma maganar alloli. Gem da yawa suna cike da su, har jarumi na yaƙar su. Masu karatunka a nan ba za su haɗiye wannan ba, kai ma ba ka buƙatarsa. Aljanu, dodannin ruwa, matsafa, bokaye, mayu, tsofaffin sarakuna azzalumai, duk tatsuniyoyinmu sun saba da su, kuma sun isa su riƙe kowane labari. Tun littattafan gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933 da aka buga a Zariya, mai karatun Hausa ya san labarin yawon duniya da gamuwa da aljanu, ba baƙon abu za ka kawo masa ba.

Wajen suna, faɗe shi da baki sau uku. In harshenka ya sarƙe, canza. Labari ka zuba shi da daidaitacciyar Hausa don na Kano da na Damagaram su bi ka, amma ka bar wasu mutanen su yi Sakkwatanci a bakinsu. "Mi kaka so?" da "Wanga ba naka na ba" suna ba mutum fuska nan take. Kada dai ka cika, gishiri ne.

Mataki na shida: tsara, sannan ka zauna ka rubuta

Gem ya riga ya koya maka tsari ba ka sani ba: yanki bayan yanki, kowane da ƙofarsa da mai tsaronta, wahala na ƙaruwa. Yi amfani da shi. Raba labarin kashi uku ko huɗu, kowane kashi da wurinsa da asararsa. Babi 30 masu kalma 1,500 zuwa 2,000 za su ba ka littafi mai kalma 45,000 zuwa 60,000. In kana rubuta kalma 500 kullum, cikin kwana 100 kana da 50,000. Ni bayan asuba nake yi, kafin gari ya ɗau zafi kuma kafin yara su tashi.

Yawancinmu a waya muke rubutu. Sa allon rubutu na Hausa, Gboard yana da shi, don ka sami ɓ da ɗ da ƙ. Kada ka ce za ka gyara daga baya. Bambancin "ƙofa" da "kofa" ƙarami ne, amma na "ɓata" da "bata" zai iya juya maka jimla.

Kuma ka ajiye aikinka wuri biyu. Na taɓa kai wayata gyara wurin wani mai shago don allonta ya fashe, ya wanke ta tas ba tare da ya tambaye ni ba. Babi tara suka tafi. Da na yi magana sai ya ce, "Ai Malam, ba ka ce akwai abu ciki ba." Tun ranar a Google Docs nake rubutu, kuma duk Juma'a ina tura wa kaina kwafi ta imel.

Mataki na bakwai: masu karatu biyu

Da ka gama zubin farko, bar shi ya huce mako biyu, sannan ka nemi mutum biyu. Ɗaya ɗan gem ne na gaske. Nawa ɗan yayata ne, wanda Free Fire ta hana shi barci. Shi zai kama maka inda ka yi sata ba ka sani ba. Ya taɓa tsayar da ni ya ce, "Kawu, wanga wurin ai na gane shi, sunan kawai kac canza." Gaskiyarsa, na rushe babin na sake. Na biyu wanda bai taɓa riƙe madanni ba. Shi zai nuna maka inda ka ɗauka kowa ya san abin da kai kaɗai ka sani. Karanta masa da baki, kana kallon fuskarsa. Inda ya fara duba waya ko ya yi hamma, sa alama, kada ka yi gardama.

Mataki na takwas: sakin littafi

In rubutun masoya ka yi, rubuta a farkonsa cewa duniyar da sunayen na kamfani kaza ne, ka sake shi kyauta a Wattpad ko Facebook, kada ka karɓi ko sisi. In duniyarka ce, kana da zaɓi. Hanyar da marubutan Hausa suka fi bi yanzu ita ce a saki babi biyar ko goma kyauta, sauran a buɗe zauren WhatsApp ko Telegram na masu biya. Ka sa a ranka cewa wani zai fitar da shi waje, don haka sa sunanka a kan kowane babi, sama da ƙasa. In masu karanta littattafai a YouTube suka nemi naka, ku yi magana a rubuce kafin su fara. In kuma bugawa za ka yi a takarda, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta.

Bango kuma, kada ka ɗauko hoton jarumin gem ka liƙa, ko da ka canza masa launin riga. Nemi mai zane, ka ba shi zanen da ka yi a gidan tarihi, ka ce ga rawanin, ga takobin, ga tandun. Ka roƙe shi ya zana maka taswira a shafin farko, masu son irin wannan littafi suna komawa gare ta kamar yadda suke danna ta a gem.

Ni har yanzu ba na sakin babi sai na karanta wa Inna. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta na nan. Makon jiya na kai inda Bube ya sa kwalli karo na shida, na rufe waya na ce sai gobe. Na kai bakin ƙofa ke nan ta kira ni.

"Kai, dawo. Saura guda ke nan cikin tandun?"

Na ce saura guda.

"To in yas sa shi, da wane ido za shi ganin ƙanwar tashi?"

Babin ban rubuta shi ba tukuna.